Na Yafe Jini, Ban Yafe Ƙafa Ba

A tashar Madarunfa direbobi sun san ni. Kafin in sa ƙafa a mota sai na tambayi mai ita wace irin asiransi, wato inshora, gare shi, kuma ba na shiga sai ya ba ni amsa. Wasu su yi dariya, wasu su tsuke fuska. Akwai wani mai bakin tsiya, da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Ku fiddo takardu, jandarma ta iso, yau ba ta sa kaki ba!" Ni kuwa in ce masa jandarma ranar mutuwar takarda yake dubawa, ni ina duban wanda takardar za ta ɗauka in an faɗi. Ba na jin haushinsu. Da can ni ma ban san abin iri-iri ne ba. Hanyar da na bi na sani ba na yi wa kowa fatanta, amma na dawo daga cikinta da abin da na je nema.

Karatuna bai yi nisa ba, a aji shida na lakkol na tsaya. Mijina mai bandar kifi ne a bakin tabki, ni kuma ina soyawa ina kai kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ban faɗe shi yana raye ba. Yarinyar da zan yi maganarta ita ma ba na kiran sunanta, ɗiyar fari ce. "Ke" nake ce mata, ko "waccan", kuma ta san da ita nake.

Da damina ne ƙanwar mijina, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Safo, ta haihu. Ban je suna ba, ƙaramin ɗana yana masassara. Mijina ya tafi da ɗiyar, ta riƙe masa kwandon kifin da zai kai barka. Suka shiga ƙaramar bas ta maƙwabcinmu, wadda yake jigilar 'yan kasuwa da ita. Direban katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Mijina ne ya koya masa iyo a tabki tun yana ƙarami, ni kuma Gwaggo yake ce mini har bayan ya yi aure ya haihu.

Hanyar tana ratsa gulbi. Duk wanda ya saba binta ya san yadda ake yi: in mota ta kafe a yashi wajen hawan gaɓa, maza su sauka su tura, mata da tsofaffi da yara su zauna ciki. Mijina kullum shi ne farkon sauka. Ko rigar Sallah ce a jikinsa sai ya naɗe hannu. Ranar sun tura ta har ta kusa kaiwa bisa, sai ƙasar gaɓar, wadda ruwa ya cinye ta ƙarƙashi, ta zabtare. Motar ta dawo da baya ta kwanta a gefenta. Masu turi suka watse. Shi yana tsakiya. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Ɗiyar ta taga aka fiddo ta, cinyar dama a karye, kwandon yana hannunta. Direban hannunsa na hagu ya murƙushe. Jandarmomi suka zo suka auna wurin, suka rubuta, suka tafi da shi.

A zaman makoki dattawan gidansu suka zo neman gafara, kamar yadda ake yi. Babban wan mijina, wanda nake ce wa Yaya, shi ne ya zama uban gida. Ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Mun yafe, duniya da lahira. Ƙaddara ce. Ba mu neman komi, ba mu cin kuɗin jini." Aka aiko ciki aka tambaye ni, na ce na yafe. Da zuciya ɗaya na faɗa, kuma har yau ban janye ba. Yaya ya je da kansa wurin jandarmomi ya maimaita, aka sako direban. Gari duka ya yaba mana.

Ƙafar kuwa mai ɗori ya ɗora ta. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ta haɗe a karkace, ta gajarce. Kowace safiya in share tsakar gida tas, kafin rana ta ɗaga sai in ga sawu ɗaya da layi ɗaya a yashi, daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa murhu. In sake sharewa. Ta bar zuwa lakkol, ta ce hanyar ta yi mata nisa, ni kuwa na san yara ne ke kwaikwayon tafiyarta. Ina cikin takaba ba na fita, ƙanena ya kai ta babbar likita, wato asibiti, a Maradi aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi. Likitan ya ce sai an sake karya ƙashin an miƙe shi an sa ƙarfe, kuma a yi tun tana cikin girma, in ƙashi ya gama ƙwari haka za ta zauna. Abin da ya ce aikin zai ci, ko an sayar da awakina da tanderun banda da gonar gadonsu ba za a kai ba. Yaya ya ce a yi haƙuri, Allah da ya bar ta da rai ya san dalili.

Wata la'asar direban ya yi sallama ya tsaya bayan zana, don ba ya iya shigowa wurin mai takaba.

"Gwaggo, na tahi Maradi."

"Lafiya dai?"

"Biron asiransi na tahi, can ofishinsu. Na ce masu shekara da shekaru ina biya, ga motata ta mutu, ga hannuna, su ba ni wani abu."

"Sun ba ka?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ko ruwan sha. Wai ban sayi na mota ba, ban sayi na direba ba. Ni duk zatona takardar jandarma ce, a nuna a bariyar a wuce. Amma Gwaggo, Madam ɗin da ke wurin ta tambaye ni, ina waɗanda suka ji ciwo? Ta ce ai su na saya wa. Ta ce ba wanda ya zo."

Ɗiyar tana gindin turmi tana tsince wake, ta daina tsincewar.

Na aika aka kira Yaya. Ya zo ya zauna bakin ƙofa ya saurara har na gama, sannan ya girgiza kai. "Magana zarar bunu ce," in ji shi. "Na tsaya gaban jama'a na ce ba mu neman komi. Yanzu in koma in kai ɗan mutane ƙara?" A fahimtarsa, kamfanin zai ba mu kuɗi da hannun dama, ya zagaya ya karɓe gonar uban direban da hannun hagu. Ba shi kaɗai ba, gari duka haka ya ɗauka. Kowa yana da wani da ya ji daga wani cewa haka aka yi wa wani. Kuma ba yadda zan yi ba tare da shi ba: shi ne waliyyin yaran, takardar haihuwar ɗiyar da ta rasuwar ubanta suna cikin akwatinsa.

Maganar ta fita. A bakin famfo mata suka ce takaba ba ta ƙare ba na fara zancen kuɗi, kuma a kan ɗiyar fari, wadda mace mai kunya ko kallonta ba ta cika yi gaban mutane ba. Duk ya dawo kunnena. Na ci gaba da shara.

Da na fita takaba, Juma'ar farko, na jira aka sauko daga masallaci. Na san Yaya yana zama da liman a gindin bedin ƙofar gidansa. Na yi wanka na sa zanen fita, na ce wa ɗiyar, "Ke, wuce gaba." Filin da ke tsakanin gidanmu da nasa yashi ne tsantsa, ba inuwa. Ban riƙe ta ba, ban ce ta yi sauri ba. Na bar su suka kalle ta tun daga nesa har ta iso. Hirarsu ta mutu tun muna tsakiyar fili. Direban ya gan mu ta ƙofarsu, ya biyo mu, hannunsa rataye a wuya.

Na durƙusa na gaishe su. Sannan na faɗi abin da na daɗe ina jerawa a zuciya.

"Yaya, jinin ƙaninka na yafe, ban zo janyewa ba. Nawa ne, na bayar. Amma ƙafar ga ba tawa ba ce da zan yafe. Ba taka ba ce kuma."

Yaya ya kalli liman. Liman ya shafa gemu ya ce haƙƙin maraya ba uwa ke da ikon barinsa ba, ba baffa ba, amana ce a hannunsu.

"Malam, har da kai? Kana wurin fa ranar."

"Ina wurin, na ce amin da ƙarfi, na fi kowa. Amma ban ga an tambayi yarinyar ba."

Direban ya tsuguna. "Baba, kun yafe mini, Allah shi saka. Amma kullum sai na ji jan ƙafar ga ta katanga. In don ni ne kake hanawa, ka daina taimakona haka."

Yaya ya daɗe yana kallon layin da ƙafar ta ja a fili. Ya ce, "Zan tahi da ƙafata in ji. In na ji za a taɓa ko akuyar gidansu, mun dawo, kuma kar a sake tada mini maganar."

Muka tafi Maradi mu huɗu. Yaya ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A biron, Madam ɗin da direban ya faɗa, wata doguwa mai tabarau, ta ba ɗiyar kujera kafin ta ba kowa. Yaya bai jira an gama gaisuwa ba.

"Ɗiyata, tambaya ɗaya gare ni. In kun biya, wa za ku bi?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba ku taɓa gonar ubanshi?"

"Mi za mu yi da gona? Wa zai yi mana noma, ni?" Ta nuna direban da alƙalami. "Wanga ya riga ya biya tun kafin abin ya faru. Abin da yake kawowa kowace shekara ke nan, shi da duk masu motoci. Takardarshi tana da rai ranar, tuƙinshi da izini. Nauyin ya bar kanshi ya dawo kanmu."

"To in haka ne don mi kuka kore shi hannu wofi? Ga hannunshi nan kina gani."

Ta cire tabarau ta aje. "Baba, kana da gona fiye da ɗaya?"

"Alhamdu lillahi."

"In ka yi wa ta gero shinge, ya hana awaki shiga ta gyaɗa?"

Yaya ya yi murmushin da bai yi niyya ba. "Ci gaba."

Ta ce shingen farko shi ne wanda hukuma ta tilasta wa duk mai mota, shi ne jandarma ke nema a hanya. Wannan ba don mai motar ba ne, don wanda motar ta cuta ne: mai tafiya a ƙasa, mai amalanke, mai babur, katangar wani. Mijina yana waje lokacin da abin ya faru, cikin wannan shingen ya shiga. Ta faɗi wannan a hankali, tana kallon tebur, na gode mata a zuciyata. Ta ce ita kuma yarinyar tana ciki, fasinja ce, kuma tun da direban ya gaya masu gaskiya cewa haya yake yi, takardarsa ta masu ɗaukar fasinja ce, an rubuta yawan kujeru a kai.

Ta juya gare shi. "Mutum nawa ka ɗauka ranar? Kar ka yi mini ƙarya, jandarma ya rubuta."

"Wallahi ba ta cika ba, Madam. Damina ce, kowa shina gona."

"Ka gode wa damina. Na san ku, da kaka ce da har bisa rufi ka ɗora, da yanzu muna wata maganar."

Sauran, in ji ta, ganin dama ne, wanda ya so ya ƙara kuɗi ya saya. Akwai na direba kansa, in ya ji ciwo ko ya rasu. Akwai na jikin mota, shi ma kashi-kashi: na gobara, na sata, na gilashi, da babban da ke ɗaukar gyara ko kai ne da laifi. Wanda kuma ke tsallaka Ɗan Isa ya shiga Najeriya, akwai wani kati daban da zai nema. Direban bai sayi ko ɗaya ba, mai arha ya ce a ba shi.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji shi.

"An gaya maka. Kana tsaye bakin ƙofa kana cewa in yi sauri fasinja na jira."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. Yaya ya sake tambaya ko za a taɓa shi, ta sake cewa a'a. Ya tambaya ta wata fuskar, ko za a mayar da shi wurin jandarma, ta ce takardar da jandarma ya rubuta tun ranar kawai suke so. Sai Yaya ya sa hannu cikin aljihun babbar riga ya fiddo takardun a naɗe cikin leda. Ashe tun daga gida ya taho da su.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Na san hanyar Maradi kamar hanyar rijiya. Yau a ce takarda kaza ta rage, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Likitansu ya duba ƙafar, ya auna, ya rubuta. Wani lokaci in dawo in tarar kifin da na bari ya lalace. Kullum ina kallon tsawon ɗiyar a jikin ƙofa ina tsoron kar ta riga takardun girma. Direban yana raka ni duk sanda ya samu hali, shi da ba zai samu ko dala ba. Wata rana na gaji, na zauna kan bencinsu na ce ba na tashi sai an gaya mini ranar. Madam ta leƙo ta ce, "Hajiya, za ki kwana nan?" Na ce na taho da zane biyu. Ta yi dariya ta shiga ciki, ta daɗe, ta fito ta ce an yarda a fara ba da na aikin ƙafa kafin a gama lissafin sauran.

Sauran, wato na ubansu, ya zo daga baya. An yi da shi abin da ya kamata a kan yaransa. Ba na son maganarsa.

Ranar aikin, da aka turo ta daga ɗakin tiyata, idonta a rufe, fuskar ta yi fari. Mai jinya ta ɗan bubbuga kumatunta ta ce mini, "Kira sunanta, muryarki za ta fi ji." Na duba hagu da dama. Yaya yana waje, ba kowa na gida kusa. Na sunkuya na kira. Na sake kira. Ta buɗe ido a hankali ta kalle ni. Sai bayan kwanaki, ina ba ta kunu, ta ce, "Inna, ashe kin san sunana." Na ce ta sha kunu ta rufe mini baki. Muka yi dariya har matar gadon kusa ta tambayi abin da ya faru. Wannan ce dariyata ta farko tun ranar gulbi.

Ta yi tafiya da sanda biyu, ta koma ɗaya, ta jingine ta bayan ƙofa. Ta koma lakkol. Matan famfo da suka ce ba ni da kunya su ne suka fara zuwa barka, ɗaya ma ta ja ni gefe tana tambayar yadda ake yi, don ƙaninta mota ta buge shi a babur kuma sun yafe. Na gaya mata ta riƙe yafewarta, ba wanda zai karɓe mata, ta dai je ta nemi takardar jandarma. Direban hannun bai koma tuƙi ba, kamasho yake yi a tasha, yana jera fasinja. In direbobi suka fara yi mini tsiya shi ke cewa, "Ku ba Gwaggo amsa. Kuma wanda bai sayi na direba ba ya zo ya kalli hannuna, kyauta ne."

Bara ƙanwar mijina ta sake haihuwa. Ban taɓa bin hanyar ba tun da abin ya faru, amma na ce za ni. Yaya ya zo, ɗiyar ta ɗauki kwandon kifi. Na yi tambayata a tasha, aka ba ni amsa, muka shiga. Da muka iso gulbi motar ta kafe, kamar kullum. Maza suka sauka. Ni ban iya zama ciki ba, na sauko na tsaya nesa, ban kalli gaɓar ba. Ɗiyar ma ta sauko, ta ɗora kwandon a ka, ta ce za ta riga mu hawa. Ta ratsa yashin ba ta waiwaya ba.

"Ke! Wa ya aike ki da gudu?" in ji Yaya. Bai je turi ba, ya zo ya tsaya kusa da ni yana gyara hula. Mu biyu muna kallon ƙasa. Sawu ne bibbiyu, dama da hagu, zurfinsu ɗaya, har can bisa gaɓa inda take tsaye tana ɗaga mana hannu mu yi sauri.